Ja Numfashi, Riƙe

Ja numfashi. Riƙe. Saki.
Sau arba'in nake faɗin haka kafin azahar,
a ɗakin ƙarshen baranda mai sanyi,
bayan ƙofar da aka cusa wa dalma.

Ranar Talata na kira lamba ta sha bakwai,
sai ga Malam Rabe, hula a hannu,
yana neman inda zai tuɓe takalmi.
Ubana ne.
Bai gaya wa kowa a gida zai zo ba.

Shekara sha tara yana bakin injin casa
can hanyar Dutsin-ma.
Jiniyar kamfani ce agogonmu,
da ita Inna Barira ke ɗora tukunya.
In ya dawo da almuru,
buntu a gira, buntu a gemu, har cikin kunne,
sai mu ce Baba ya sha furfurar aro.
Inna ta kakkaɓe rigarsa a bayan ɗaki,
kaji su taru.

Ba zan yi wa kamfani ƙarya ba.
Shi ya jawo mana kwalta da wayar wuta,
shi ya sa Hajo mai ɗanwake ta yi rufin kwano.
Shi ne kuma ya sako ruwan jiƙo a kwatarmu,
ruwa mai tsami, gidan bikin sauro,
har goyon Talatu biyu suka tafi a damina ɗaya.
Daga nan kemis ya buɗe, wani ya buɗe kusa da shi,
sai ɗakin shan magani mai gado huɗu,
manaja ya ba da siminti buhu hamsin,
aka yi masa tafi.

Takunkumin hanci sau ɗaya aka raba,
ranar da masu duba-gari za su zo.
Motarsu na kwana aka bi layi aka karɓe.

Da albashin nan ya saya mini littafin sassan jiki,
da shi ya biya kuɗin makaranta zango-zango,
ya ɗinka mini farar riga guda biyu.
Ran da na fara aiki ya tsaya a Ƙofar Ƙaura
yana gaya wa mai faci, ɗiyata na ganin cikin mutum.

To, ga ni ina gani.

Na ce, jingina ƙirjinka da allon nan, Baba.
Kafaɗun da suka ɗauki buhu dubu nawa
yau ƙasusuwa ne, ina iya ƙirga su da ido.
Ja numfashi.
Ya ja, tari ya ƙwace.
Muka sake. Muka sake.

A aikinmu fari ba alheri ba ne.
Lafiyayyen huhu baƙi yake fitowa, kamar daren da ba hadari.
Nasa kuwa an watsa masa tsaba,
dama da hagu, fara tas,
irin wadda ake cewa ba tsakuwa.
Duk abin da Inna ba ta kai ga kakkaɓewa ba
ga shi nan, ya samu wurin zama.

Yana ɓalla maɓallin riga ya ce,
Na fito da kyau, Yalwa?
Na ce, likita ne ke karantawa, Baba.
Ya dube ni yadda yake duban shinkafa a tafin hannu
in yana son sanin ko ta bushe.
Ya sa hula. Ya ce kada in gaya wa Inna tukuna,
yana da aikin dare.

Na wanke hannu, ban san don me ba.
Na kira sha takwas.
Wani saurayi ya shigo da sauri,
ya ce in taimaka, ana yanke musu kuɗin awa.
Gemunsa bai gama fitowa ba,
amma girarsa ta yi furfura.

Ja numfashi, na ce masa.
Riƙe.
Ni ma na riƙe.